FILIN SANA'O'IN HANNU: Manomin Karakara da wuƙar Layya

A wannan wata filin sana'o'in hannu ya leƙa Karakara, cikin jahar Doso, ƙasar rake da rogo, dab da iyakar Najeriya. Da can Karakara tana ƙarƙashin Gaya, tun 2011 kuwa tana cikin gundumar Junju. Labarin wani manomi ne wanda bai gaji ƙira ba, amma ya sa kansa koyon ƙirar wuƙa don sha'awa. Duk wanda rani ke samu zaune a gindin icce, ya karanta a hankali, akwai rabonsa a ciki.

Yadda abin ya faro

Manomin nan magidanci ne, da mata ɗaya da ƴaƴa biyu. Kowace shekara in an gama girbin hatsi, sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Gaya, ya haye gadar kogin Isa zuwa Malanbil cikin ƙasar Benin, ya yi dako a kasuwa har damina ta kusa. A 2023 aka rufe gadar nan. Masu tsallakawa sai da jirgin ruwa, ga tsada, ga kasada. Shi kuwa ya ce bana gida zai ci rani, ya kula da ƴar garkarsa ta rake.

Wata rana yana yankan rake, wuƙar da ya saya a kasuwa ta lanƙwashe. Ya kai ta maƙera gyara. Ya tarar da maƙerin, dattijo ne mai furfura, zaune shi kaɗai, wuta tana neman mutuwa. Ƴaƴansa duk sun tafi birni, ƙaramin yana kabu-kabu a Gaya.

Dattijon ya ce, «Yaro, in kana son wuƙarka yau, zauna ka yi mini zuga.»

Ya zauna ya kama zuga-zugi. Wuta ta tashi. Ya ga baƙin ƙarfe ya yi ja, ya ga masaba tana sarrafa shi kamar tuwo. Aka gama gyaran wuƙarsa, bai tashi ba sai da aka kira la'asar. Washegari ya komo ba tare da wuƙa ba. Kwana na huɗu ya yi ta maza ya ce, «Baba, ina so ka koya mini.»

Dattijon ya dube shi ya ce, «Mu gado muka yi. Kai ɗan haye ne. Je ka faɗa wa mahaifinka tukuna. In ya yarda, ga wuta ga ƙarfe.»

Sharaɗin mahaifi

Mahaifin bai ji daɗin maganar ba. Ya ce, «Gidan nan noma muka gada. Kakanka bai riƙe masaba ba, ni ban riƙe ba. Me za ka nema a maƙera, mutane su ce ka rasa abin yi?»

Ɗan ya durƙusa ya ce, «Baba, ba barin gona zan yi ba, ba kuma cin kasuwar maƙera nake nema ba. Abin ne ya shiga raina. Zaman banza kuwa ya ishe ni.»

Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, «To, ga sharaɗi. Layya tana tafe. In ka ƙera wuƙar da zan yanka ragona da ita, da hannunka, ban hana ka ba. In ta ba ni kunya gaban jama'a, kada in sake jin ƙafarka ta taka maƙera.»

Wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Kowa ya san addini ya yi umurni a wasa wuƙa sosai don kada dabba ta wahala. Wuƙar da ta dakushe a wuyan rago abin kunya ce ga mai gida, kuma zalunci ce ga dabba. Layyar 2024 ta faɗo cikin watan Yuni. Ke nan wata shida gare shi.

Wata guda na zuga

Duk watan farko dattijon bai bar shi ya taɓa masaba ba. Aikinsa zuga, da farfasa gawayi, da share toka. A nan ya san kayan aiki da sunayensu: uwar maƙera wadda ake dukan ƙarfe a kanta, da masaba, da ƙaramar guduma, da awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, da kurfi na yanka, da magagari na goge ƙarfe, da dutsen wasa wuƙa, da kaskon ruwa.

Ya koyi cewa ba kowane gawayi ke ƙira ba. Na icce mai taushi yana cinyewa nan da nan, ya bar toka. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya, don yana da nauyi, yana daɗewa, wutarsa tana da zafi. Amma a kiyaye: ƙirya tana cikin itatuwan da dokar daji ta hana a sare ba da izni ba. Mai son gawayinta ya nemi busasshen icce, ya kuma nemi iznin ma'aikatan gandun daji. Wanda ya sare ɗanyar ƙirya don wuƙa guda ya cuci jikokinsa.

Ya koyi kuma cewa wuta tana da magana. In aka yi zuga a hankali, ƙarfe yana ɗaukar zafi har cikinsa. In aka yi da garaje, bayansa ya ƙone, cikinsa da sauran sanyi.

Wuƙa ta fari: ba kowane ƙarfe ba ne

Ran da aka ba shi masaba, sai ya zo da guntun rodi da ya tsinta wurin masu gini. Dattijon ya gani, bai ce komi ba. Kwana uku yana duka. Ya fitar da wani abu mai kama da wuƙa, ya wasa, ya kai gida da murna. Uwargida ta yanka kabewa da ita, ta yanka nama, kafin dare baki ya kwanta.

Da safe dattijon ya ce, «Da na hana ka, da ba ka yarda ba. Yanzu ka gani da idonka.»

Ga dalili. Cikin ƙarfe akwai wani sinadari irin na gawayi, masana suna ce masa kabon. Shi ke sa ƙarfe ya yi tauri in an shayar da shi. Yawancin rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, kuma ba a san gwargwadonsa ba. Shi ya sa komi wasa shi ba ya riƙe kaifi. Sifirin na tsohuwar mota yana da kamar kashi 0,6 cikin 100, tsohon magagari kuwa wajen kashi 1 cikin 100. Waɗannan su ne ƙarfen wuƙa.

Mai koyo yana iya gwadawa. A ɗora ƙarfe a kan injin wasa wuƙa. In tartsatsin ya fita dogo ba rassa, ƙarfen mai taushi ne. In ya fita yana fashewa kamar taurari, ya yi. In ba inji, a gasa ɗan guntu ya yi ja, a tsoma a ruwa, a buga da guduma. Wanda ya karye ƙarfen wuƙa ne. Wanda ya lanƙwashe a bar shi ga ƙusa da ƙugiya.

Wuƙa ta biyu da ta uku

Ya sami guntun sifirin wurin wani makanike. Ya sa a wuta, ya yi ta zuga yana hira da wani mai jiran gyaran gatari. Can sai ƙarfen ya yi fari fat, yana tartsatsi. Da ya ɗora a uwar maƙera ya buga, sai ya marmashe. Ƙarfen da ya ƙone ba ya gyaruwa.

Dattijon ya nuna masa launin da ake so: ja mai haske da ya kusa ruwan ɗorawa, kamar cikin lemu. A ma'aunin zafi wannan ya kama daga digiri 900 zuwa 1100. A nan ake duka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. In ja ya fara dushewa a daina, a mayar wuta. Mai dukan ƙarfe da ya huce tsaga yake sa masa a ciki, ko da ido bai gani ba.

Ta uku ta yi kyau. Ya fara da tsini, ya ja wutsiyar da za ta shiga ƙota, sa'an nan ya daddaki baki, gefe da gefe daidai wa daida. Ya lura in ana dukan baki, wuƙa tana lanƙwasa ta wajen baya, sai a miƙe ta a hankali. Dattijon ya duba ya ce a bari sai gobe a shayar da ita. Ya tafi jana'iza wani ƙauye.

Haƙuri ya gaza wa manomin. Ya hura wuta shi kaɗai da rana tsaka, ya gasa wuƙar, ya tsoma ta cikin ruwan randa mai sanyi. Sai ya ji «ƙas». Ya ciro, ga tsaga tun daga baki har tsakiya. Aikin mako guda ya tafi. Ya tura ta ƙarƙashin buhun gawayi.

Da dattijon ya dawo bai tambayi wuƙa ba. Ya dubi kaskon ruwa, ya dubi toka, ya ce, «Ɗauko ta inda ka ɓoye. Ni ma na fasa ta fi goma a gaban mahaifina. Fasa wuƙa ba laifi ba ne. Ɓoyewa ce laifi, don wanda ya ɓoye kuskurensa ba a iya gyara masa.»

Suka rataye fasasshiyar wuƙar a jikin rumfa. Har yau tana nan.

Idon tsoho da mayen ƙarfe

Kuskurensa biyu ne. Na fari, da rana tsaka ido ba ya ganin launin ƙarfe daidai, sai a zarce da zafi. Shi ya sa maƙera ke shayarwa cikin inuwa, ko da asuba, ko da almuru. Na biyu, ruwan sanyi yana da kaifi ga ƙarfen sifirin. Mai ya fi masa sauƙi.

Manomin ya ji a bakin makaniken nan cewa ƙarfe in ya kai wani zafi, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Gaskiya ne, wajen digiri 770 ke nan, kuma zafin shayarwa yana gaba da wannan kaɗan. Ya ɓalle mayen ƙarfe daga lasifikar tsohuwar rediyo, ya ɗaura a sanda, ya kawo maƙera.

Dattijon ya yi dariya ya ce, «Shekara arba'in ina shayar da ƙarfe ban nemi shawarar rediyo ba.»

Amma ya yarda a gwada. Da almuru suka sa ƙarfe a wuta. Manomin yana ta taɓawa da mayen ƙarfe, yana kamawa. Can dattijon ya ce, «Yanzu.» Aka taɓa, bai kama ba. Suka sake har sau uku, duk haka. Dattijon ya ce, «To, ashe abin naka yana da ido. Riƙe shi har naka idon ya buɗe.»

Ga yadda suka shayar da ta huɗu, don mai son gwadawa:

1. Bayan an gama duka, a gasa wuƙa har mayen ƙarfe ya daina kamawa, a bar ta ta huce a iska. A yi haka sau 2 ko 3. Wannan yana kwantar da jikin ƙarfe.

2. A sake gasawa, a binne cikin toka mai zafi ta kwana. Da safe za ta yi taushi, magagari ya ci ta da sauƙi.

3. A goge ta da magagari, amma kada a fitar da kaifi. A bar baki da kaurin kamar milimita 1. Siririn baki yana murɗewa ko ya tsage.

4. A zuba man gyaɗa cikin gwangwani mai zurfi, a ɗan ɗumama shi. A ajiye murfi kusa, don in mai ya kama wuta a rufe. Ba a kashe wutar mai da ruwa. Man nan ana ajiye shi a yi ta aiki da shi, amma ba a ci.

5. A gasa wuƙa daidai tun daga tsini har gindi. In mayen ƙarfe ya daina kamawa, a ƙara zuga kaɗan, a tsoma ta tsaye, tsini a gaba.

6. In ta huce a goga magagari a baki. In ya zame bai ci ba, ta sha.

Aiki bai ƙare ba. Wuƙar da ta sha tana da tauri, amma in ta faɗi ƙasa sai ta karye kamar tangaran. Sai an rage mata. A goge ta da dutse har ta yi haske. A gasa wani ƙarfe mai kauri, a ɗora bayan wuƙar a kansa, baki yana sama. Za a ga launi yana tafiya daga baya zuwa baki. Da farko launin busasshen kara, sa'an nan ja-ja mai duhu, sa'an nan shuɗi. In launin kara ya kai baki, wato wajen digiri 220, a tsoma ta a ruwa. In aka bari shuɗi ya kai baki, wajen digiri 300, kaifi ya tafi, sai a sake shayarwa.

Ƙota kuwa ya sassaƙa ta da busasshen icen aduwa. Ya huda, ya gasa wutsiyar wuƙa kaɗai, bayan ya naɗe jikinta da jiƙaƙƙen tsumma, ya cusa ta zauna daram. Baduku ya ɗinka masa kube.

A kiyaye lafiya

Ƙira ba ta bar shi haka nan ba. Wata rana ya kai hannu ya ɗauki ƙarfe da ya yi baƙi, yana zaton ya huce. Tafin hannunsa ya sale. Wani ya ce a shafa baƙin mai, wani ya ce toka. Allah ya sa bai bi ba. Ya sa hannun cikin ruwa mai tsabta wajen minti 20, ya naɗe da tsumma mai tsabta, ya tafi gidan likita. Mako biyu bai riƙe masaba ba.

Saboda haka mai koyo ya riƙe waɗannan. Duk ƙarfen da ke kusa da wuta a ɗauke shi da awartaki. A sa tabarau, don ɓawon ƙarfe yana tsalle ya shiga ido. Kada a sa riga ta leda, tana narkewa a jiki. Kada a gasa kwanon rufi ko bututu mai farin shafe, hayaƙinsa guba ne. Baƙin man mota ma hayaƙinsa yana cutar ƙirji. A hura gawayi a rumfa mai iska, ba cikin rufaffen ɗaki ba. Yara su tsaya nesa. A sa maƙera nesa da rumbu da danni, don gobarar rani ba ta da kunya.

Sana'a mai tsohon asali

Tsakanin duka da duka, dattijon yakan ba shi labari. Ya ce kakanninsa ba su san sifirin ba. Tama suke haƙowa, su gina rahoniya ta yumɓu, su kwana suna ba ta gawayi har ƙarfe ya fito. Da motoci suka yawaita zamanin Turawa, tsohon ƙarfe ya samu a sauƙaƙe, aka bar narkar da tama.

Maganarsa tana da shaida. A ƙasar Adar, cikin shekarun 1960, wata mai bincike Bafaransa, Nicole Echard, ta zauna da maƙera, har ta ɗauki sinimar yadda suke narkar da tama. A Burkina Faso akwai tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019. Na Durula ya kai ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. A Kano kuma, labarin baka ya ce maƙera ne daga Gaya suka fara zama gindin dutsen Dala don neman tama. Wannan Gaya ta ƙasar Kano ce, ba ta bakin kogin Isa ba. Ke nan wanda ya riƙe masaba bai riƙe abin kunya ba. Ba maƙeri, ba hauya. Ba hauya, ba hatsi.

Ranar Layya

Ta huɗu ta tafi madafa. Ta biyar ta murɗe. Ta shida ya ba matarsa. Ta bakwai ita ya ware wa Layya. Kwana uku yana wasa ta, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, ya ƙare da fata.

Da aka sauko daga idi, aka kawo rago. Ƴan uwa da maƙwabta sun taru, kowa ya san sharaɗin. Ya durƙusa ya miƙa wuƙar da hannu biyu. Tsohon ya zare ta, ya juya, ya duba baya, ya gwada a gashin hannunsa. Gashi ya zube. Bai ce uffan ba. Aka kwantar da rago, ya yi bisimilla, ya ja sau ɗaya. Shi ke nan.

Aka yi fiɗa da ita, aka yanyanka nama. Da yamma ɗan ya zo karɓar wuƙarsa ya wanke. Tsohon ya ce, «Wace wuƙa? Wannan tawa ce. In kana so ka ƙera wata.» Sa'an nan ya ware cinya guda ya ce, «Kai wa malaminka. Ka ce ina gaishe shi, na kuma gode.»

Ruwa ya sauka, manomin ya koma gona kamar yadda ya yi alkawari. Bai zama maƙeri ba, bai kuma kai wuƙa kasuwa ba. Cikin bakwai da ya ƙera, uku ne suka yi. Amma yanzu in haƙorin laujensa ya lalace ya san abin yi, kuma in rani ya yi, dattijon yana da mai zuga da abokin hira. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Jawabi ga masu karatu

Matasa, wanda ke sha'awar wannan aiki kada ya fara shi kaɗai a bayan ɗaki. Ya je wurin maƙerin garinsu da ladabi, ya nemi yardar iyayensa, ya yarda da zuga kafin masaba. Ya tanadi littafi ya riƙa rubuta irin ƙarfen da ya sa, da launin da ya gani, da abin da ya faru. Ya sa a ransa wuƙa uku ko huɗu na fari asara ce.

Maƙera, ƴaƴanku da yawa sun tafi birni. In ɗan haye ya zo da ladabi, kada ku kore shi. Sanin da aka rufe a ciki, ranar da mai shi ya kwanta dama tare ake binne su.

Iyaye, ku yi kamar tsohon nan. Ku sa sharaɗi, amma ku bar ƙofa a buɗe.

Daga ƙarshe, wuƙa kayan aiki ce: ta madafa, ta garka, ta fawa, ta Layya. Ba a ƙera ta don a soke a ƙugu a tafi wurin rigimar gona ko ta mashaya ba. In saɓani ya taso tsakanin manomi da makiyayi, a bar wuƙa a kube, a tafi wurin mai gari.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba aikin dukanci: yadda ake zaɓen fata da yadda ake ɗinka kube. Allah ya ba da damina mai albarka.